Daga Van Gogh Zuwa Ladi Kwali: Sharhi a Kan Fina-finan Rayuwar Gwanayen Zane

Daga cikin ire-iren fina-finan da Turawa suka daɗe suna shiryawa, akwai wani iri wanda bai cika samun ambato a wajenmu ba, alhali kuwa an yi kusan shekara 90 ana yin sa, kuma manyan 'yan wasa sun sha neman ɗaukaka ta hanyarsa, wato fim ɗin da ake ginawa a kan rayuwar wani shahararren mai zane. Tun a 1936 Alexander Korda ya fitar da Rembrandt a Ingila, John Huston ya biyo baya a 1952 da Moulin Rouge a kan Toulouse-Lautrec na Faransa, sa'an nan a 1956 aka yi Lust for Life, inda Kirk Douglas ya fito a matsayin Vincent van Gogh, Anthony Quinn kuma ya fito a matsayin abokinsa Gauguin har ya ci lambar Oscar. Daga nan ƙofa ta buɗe, aka yi a kan Michelangelo a 1965, da Jackson Pollock a 2000, da Frida Kahlo ta Meziko a 2002, da Turner a 2014. Hatta Indiyawa, waɗanda fina-finansu suka fi na kowa shiga zukatan Hausawa, sun yi Rang Rasiya a kan gwaninsu Raja Ravi Varma. Mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: mene ne fa'idar irin wannan fim, ina illarsa take, kuma in mu ma muka tashi yin namu, a kan wa za mu yi, da wane mizani za mu auna shi?

Dalilin da ya sa masu fim suke kwaɗayin rayuwar mai zane ba ɓoyayye ba ne, domin su da shi duka da ido suke sana'a, kuma mai ɗaukar hoto yakan sami launi da haske a shirye cikin ayyukan gwanin. Amma a nan ne kuma wahalar take, saboda zane aiki ne na shiru da jinkiri, mutum ɗaya a ɗaki yana dama fenti, yana shafawa, yana gogewa, yana ja da baya ya duba, wata da watanni, alhali fim yana bukatar rigima da motsi da abin da zai riƙe mai kallo sa'a biyu bai tashi ba. To, da yake aikin kansa ba ya bayar da wannan cikin sauƙi, sai marubutan fim suka koma nema a gefensa, suka tattaro talauci da giya da rikicin aure da ciwon hankali da mummunan ƙarshe, suka cika labari da su. Da aka yi ta maimaita haka shekara da shekaru, sai wata aƙida ta kafu a zukatan masu kallo ba tare da kowa ya kawo mata hujja ba, cewa hazaƙa da hauka 'yan gida ɗaya ne, kuma gwani ba ya zama gwani sai ya tagayyara.

Babu wanda wannan aƙida ta zalunta kamar Van Gogh, wanda aka yi fim a kansa fiye da sau ɗaya ko biyu. An haife shi a ƙasar Holan a 1853, bai rungumi zane gadan-gadan ba sai da ya kai wajen shekara 27, ya kuwa rasu a 1890 yana da 37; a cikin waɗannan shekaru goma ya bar ayyuka wajen 2,000, fiye da 800 daga cikinsu na fentin mai. Wasiƙun da ya rubuta wa ƙanensa Theo sun haura 600, kuma duk wanda ya san abin da ke cikinsu ya san cewa mutumin ɗalibi ne mai naci, mai yawan karatu, wanda ya zauna ya kwaikwayi ayyukan mai zane Millet da hotunan Japan don horar da hannunsa, ya kuma yi nazarin yadda ruwan ɗorawa yake ƙara ƙarfi idan an ajiye shi kusa da shuɗi ko shunayya. Theo ne yake aika masa da kuɗi da fenti a kai a kai, kuma bayan su biyun sun rasu cikin wata shida, matar Theo, Johanna, ita ce ta adana zane-zanen, ta yi ta kai su wuraren nuni, ta kuma buga wasiƙun a 1914. Ciwonsa gaskiya ne, amma idan ya taso masa hana shi aiki yake yi, sai ya lafa sa'an nan ya koma ga buroshinsa. Duk da haka, ka tambayi mutum goma da suka san sunansa, abin da mafi yawansu za su tuna shi ne daren Disamba na 1888 a garin Arles da ya yanke kunnensa. Dare guda ya rinjayi aikin shekara goma, kuma fim yana da babban kaso a cikin wannan rinjaye.

Mas'ala ta biyu ita ce ta ingancin riwaya. Malamanmu na hadisi sun gina ilmi sukutum a kan rarrabe ingantacce da mai rauni da ƙagagge, ba su karɓar zance sai sun san wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Shi kuwa fim ba shi da isnadi, abin da ya tabbata da abin da marubuci ya ƙaga duk da fuska ɗaya suke zuwa wa mai kallo, da murya ɗaya, da kiɗa ɗaya. A fim ɗin Girl with a Pearl Earring na 2003, baranyar da aka ce mai zane Vermeer ya zana ba ta cikin tarihi, wata marubuciya ce ta ƙirƙire ta a littafin ƙagaggen labari a 1999, domin abin da aka sani na rayuwar Vermeer kaɗan ne ƙwarai. Haka kuma fina-finai biyu na baya-bayan nan, Loving Vincent na 2017 da At Eternity's Gate na 2018, sun ɗauko wani ra'ayi da wasu marubutan Amurka suka kawo a 2011, cewa wasu samari ne suka harbi Van Gogh, ra'ayin da gidan adana ayyukansa na Amsterdam bai karɓa ba. Adalci dai shi ne a yarda cewa ba makawa mai fim ya sa wa mutanensa magana a baki, tunda babu wanda ya rubuta hirar da suka yi a ɗaki. Amma akwai iyaka tsakanin cike gurbin da tarihi ya bari da ɗora wa mamaci laifi ko abin kunyar da ba a tabbatar ba. Wanda ya mutu ba ya iya kare kansa, yana kuwa da 'ya'ya da jikoki masu jin zafi, kuma a shari'armu giba ba ta halatta don kawai wanda ake ci naman nasa ya riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma wata matsala ta haƙƙin mallaka wadda takan kai abin ga ban dariya. A 1996 aka fitar da fina-finai biyu, ɗaya a kan Picasso, ɗaya a kan Jean-Michel Basquiat, kuma a duka biyun magada sun ƙi ba da izinin a nuna ainihin ayyukan. Sai da mai shirya na Basquiat, Julian Schnabel, wanda shi ma mai zane ne, ya zauna da mataimakansa suka yi waɗansu masu kama da su. Ke nan an nuna wa jama'a shaye-shayen mutum da soyayyarsa da mutuwarsa, an rasa nuna musu abin da ya sa aka san shi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk irin fim ɗin nan ɓata lokaci ne, domin a cikinsu akwai waɗanda suka sauke amana, kuma sirrinsu ɗaya ne, sun girmama aikin hannu. Ed Harris ya koyi zane kafin ya fito a matsayin Pollock, saboda haka mai kallo yana ganin yadda ake shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, mutum ya riƙa zagaya shi yana ɗiga fenti da tsinke, har ya gane cewa abin da ake zato watsi ne na banza yana da lissafi da awo. Timothy Spall ya yi wajen shekara biyu yana ɗaukar darasin zane kafin a fara ɗaukar Mr. Turner. Masu Loving Vincent sun tara masu zane fiye da 100 suka zana hotuna wajen 65,000 da fentin mai, aka jera su suka zama fim. Shi kuwa Tarkovsky na Rasha, a fim ɗinsa Andrei Rublev na 1966, wata hanya ya bi dabam: da ƙyar za ka ga gwanin yana zane, zamaninsa aka nuna, da yunwarsa da hare-harensa da zaluncin sarakunansa da yadda ake zubin ƙararrawa, duk cikin baƙi da fari, sai a ƙarshe aka kawo ainihin ayyukansa da launinsu, mai kallo ya fahimci daga wace irin duniya suka fito. Daga waɗannan ne za mu ciro mizanin da muke nema: fim ɗin gwani ya yi kyau idan wanda ya kalla ya fita ya san yadda aka yi aikin, da wanda ya koyar, da wanda ya ɗauki nauyi, da zamanin da ya haife shi, in kuwa ya fita da labarin aibin mutum kaɗai, to, tsegumi ya saya da kuɗinsa.

Idan muka dawo gida Nijeriya, za mu tarar fim ɗin tarihin rayuwa ya fara kama ƙasa, an yi Amina a kan sarauniyar Zazzau a 2021, Tunde Kelani ya yi Ayinla a kan mawaƙin Yarbawa Ayinla Omowura a shekarar 2021 ɗin, an kuma yi na Funmilayo Ransome-Kuti. Amma hankalin masu shiryawa ya fi karkata ga sarauta da siyasa da waƙa, masu aikin hannu ne aka bari a baya. A ƙasar Hausa wannan yana da sabubba. Hukuncin da jumhurin malamai suka tafi a kai game da sura mai rai ya sa gwanintar mutanenmu ta kwarara zuwa zayyanar Alƙur'ani da allo, da adon bangon soro, da ɗinkin aska takwas a gaban riga, da dukanci da sassaƙar ƙwarya. Kuma masu waɗannan sana'o'i ba su saba sa suna a jikin aikinsu ba, gida ake sani da unguwa, kamar yadda aka san Bida da tagulla da ƙarau. Ga kuma kunya, wadda ba ta barin iyali su buɗe cikin gidansu ga kyamara. Duk da haka ba a rasa sunaye ba. Akwai Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19. Akwai samarin kwalejin Zariya da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ƙi yarda a mai da su masu kwaikwayon Turawa. Akwai Ben Enwonwu, wanda aka sayar da zanensa mai suna Tutu a Landan a 2018 a kan fam fiye da miliyan ɗaya.

Amma mu a nan Jihar Neja ba sai mun je nesa ba, domin gwanar da ta fi kowa cancanta a nan Minna ta cika, ranar 12 ga Agusta, 1984, kuma kusan kowa ya taɓa riƙe hotonta a hannu ko da bai lura ba: ita ce matar da ke sunkuye a kan tukunya a bayan takardar naira 20 tun 2007, wato Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925 a Kwali ta ƙasar Gwari, ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kuma tun kafin wani Bature ya san da ita randunanta sun riga sun isa fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa ne aka samo Suleja bayan an ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja. A wannan fada ne Michael Cardew, maginin tukwane daga Ingila wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya ga aikinta a 1950. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, saboda wadatar yumɓu da itace da ruwa da goyon bayan Sarki, sai ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Daga nan aka nuna ayyukanta a Landan a ƙarshen shekarun 1950, ta je Ingila a 1962 da Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977 alhali ba ta yi karatun boko ba, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta lambobin girma a 1980 da 1981.

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan maginiya ce, mu kuwa zancen masu zane muke yi. Amsa ita ce jikin randa shi ne allonta. Takan ɗora curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan bango sama da yatsu tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu, ita ce ke zagaya tukunyar da ƙafa, tukunyar tana wuri ɗaya, tana bugun waje da ɗan katako hannu ɗaya yana tokare daga ciki, har cikin randar ya fito daidai ta kowane gefe ba tare da ma'auni ba. In ya sha iska sai ta raba jikin gida-gida da layuka, ta mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan itace mai tsaga don fitar da ado, sa'an nan ta ɗauki abu mai kaifi ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, kai tsaye, ba ta fara gwadawa a takarda ba, kuma layin da ta ja ba ya komowa. Wannan aiki, saɓanin na mai fenti a ɗaki, motsi ne tun daga farko har ƙarshe, kyamara ba ta bukatar a ƙara mata komai.

Rigimar da labari yake bukata ma tana nan cikin sana'ar kanta. Randar gargajiya, wadda ake toyawa a fili da itace da ciyawa, tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska ta bugi danshin ta tafi da zafi. A makarantar Cardew kuwa Ladi ta gina irin wannan randa da yumɓu mai jure wuta, aka cike zanenta da farar ƙasa, aka shafe ta da ruwan ƙyalli, aka gasa ta a rufaffiyar matoya mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta fito da kyan da ba a taɓa gani ba, amma ta yi nauyi, ta daina tsattsafo, ta kuma fi ƙarfin aljihun matar ƙauye. Randa ta tashi daga gindin rumfa ta koma ɗakin nuni a Turai. Shin ci gaba ne wannan ko asara, ko kuwa duka biyun? Wa ya koyi wani abu daga wani, ita ko Baturen? Yaya mace Bagwariya ta zauna ita kaɗai cikin maza tana koyon keken juya tukwane, har ta buɗe hanya ga irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa? Marubucin da ya iya riƙe waɗannan tambayoyi ba ya bukatar ƙaga mata ɓoyayyiyar soyayya ko baƙin cikin da ba ta yi ba.

Haɗari biyu ne ke jiran wanda zai yi wannan fim. Na farko shi ne ya ari rigar Van Gogh ya sa mata, ya mai da ita wata abar tausayi wadda duniya ta ƙi, alhali mace ce da aka girmama tun tana raye, a fada da jami'a da gwamnati. Na biyu shi ne ya mai da Cardew uban tafiya, ita kuwa tsintuwar da ya yi a daji, alhali gwaninta cikakkiya ya tarar, Sarkin ƙasarta ya riga shi ganin darajarta. Haƙƙinsa a faɗi abin da ya kawo na matoya da ƙyalli da kasuwar waje, ba tare da an tauye shi ko an ƙara masa ba. Maganin duka biyun yana cikin gadonmu na rubutu. Malaman yankin nan sun daɗe da sanin fannin tarjama, tun daga Ahmad Baba na Tambutu har zuwa Abdullahi ɗan Fodiyo wanda ya keɓe littafi don ambaton malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su, kuma tambayoyinsu a kan kowane gwani uku ne: daga wa ya ɗauka, me ya ƙara, wa ya ɗauka daga gare shi. Fim ɗin da aka gina a kan waɗannan ukun zai fi kusa da gaskiyar yadda gwaninta take samuwa fiye da hoton mutum ɗaya tilo yana fama da aljanunsa.

Sharuɗɗan aikin kuwa a bayyane suke. A yi shi da Gwaranci da Hausa, harsunan da ta rayu a cikinsu. 'Yar wasan da za ta fito a matsayinta ta je ta zauna wajen maginan Kwali ko Ushafa, ko na Tatiko da ke nan kusa da mu ta wajen Paiko, har hannunta ya saba da yumɓu, domin matan da suka gaji sana'ar za su gane hannun ƙarya da kallo ɗaya. A nemi izinin danginta da shawararsu, a duba hotunan majigin da aka ɗauke ta tana gini, kuma duk abin da aka ƙaga don haɗa labari a bayyana wa masu kallo cewa ƙagawa aka yi.

Minna garin marubuta ne, a nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, jihar kuma ta ba ƙasa Abubakar Gimba. Saboda haka masu alƙalami ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da yake ƙarewa shi ne shaidu, domin fiye da shekara 40 ke nan da rasuwarta, waɗanda suka yi aiki tare da ita a Suleja kuwa sun manyanta. Muna kira ga marubutanmu da masu shirya fim na Kano da Kaduna da Abuja, da hukumomin al'adu na Jihar Neja, da masarautar Suleja, su fara da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa, wato a je a zauna da dattawan nan a naɗi maganarsu tun suna da rai da lafiya. Kuɗin fim ana iya samunsa baɗi ko baɗin baɗaɗa, amma riwayar da mai ita ya tafi da ita kabari ba ta dawowa.